Jirgin da Gaisuwa Ta Kayar

Ku da kuke leƙowa shagonmu na Wuse kuna cewa a koya muku, wai ai kayan wasan yara ne kawai muke sayarwa, ku samu wuri ku zauna. Ban girme yawancinku da wasu shekaru masu yawa ba, kuma da hannuna ya daina rawa da a aikace zan nuna muku, ba a takarda ba. To amma har yau idan aka tayar da babur a bayana sai na sunkuyar da kai. Sunana Hajara, a Kuje na tashi. Tun da na gama sakandare ban yi wata sana'a ba sai wannan, wato haɗa ƙananan jirage da motocin da ake tuƙawa daga nesa da rimot.

Kawu Bala, ƙanen mahaifiyata, shi ya buɗe shagon. Asalinsa mai gyaran rediyo ne. Wani Bature cikin masu gina gadojin birnin nan ya kawo masa rimot ɗin jirginsa da ya lalace, Kawu ya gyara, daga nan ya riƙa binsa fili yana kallo, har shi ma ya iya. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa jirgin da kwalin tarkace. Lokacin ne ake ta kwaso ma'aikatu daga Ikko. Kullum sai ka ga manyan motoci shaƙe da kabad da kujeru suna shigowa, manyan ma'aikata na biye, yawancinsu sun baro iyali a can. Kawu ya dubi mahaifiyata ya ce, "Yaya, mutumin da ya bar matarsa da 'ya'yansa a Ikko, babu abin da ya dame shi kamar ranar Asabar. Asabar ɗin zan sayar masa. Ba ni Hajo ta riƙa share min shago."

Fiffike na fara haɗawa, bayan na gaji da shara. Katakon da ake yinsa da shi balsa ake ce masa, daga waje yake zuwa, kuma don rashin nauyi sai ka rantse ɓargon kara ne. Za ki shimfiɗa zanen fiffiken a kan tebur, ki yanka haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya da reza, ki kafe kowanne da allura a kan layinsa, sannan ki ɗiga gam. Ɗigo nake cewa, ba kwarara ba. Na farkon da na yi, saboda tsoron kada ya ɓalle, sai na cika masa gam. Kawu ya ɗora shi a kan yatsunsa biyu, ɓangaren dama ya rinjaya ƙasa. Ya ce, "Wannan idan ya tashi, Gwagwalada zai nufa ko ba a aike shi ba." Ya miƙo min samfefa. Na wuni ina gogewa, garin katako har cikin hancina. Bayan an goge sai a lulluɓe shi da leda ta musamman, a bi ta da dutsen guga mai ɗumi har ta miƙe ta yi tsam kamar fatar kalangu. Zafi ya yi yawa ta huje, ya yi kaɗan ta yamutse. Ni ba da ma'auni nake gane zafin ba, da bayan hannu nake ji.

Motoci sun fi sauƙi, kuma su ke riƙe shago. Oga zai zo da yaransa lokacin hutu, a saya, a je a kara da katanga, a dawo da ita washegari a ce ai haka aka sayar musu. Ka canza ƙafa, ka share yashi daga giya, ka yi murmushi. Mota idan ta yi kuskure tsayawa take yi. Jirgi kuwa babu inda zai tsaya. Injinsa bai fi dunƙulen hannu ba, amma farfelarsa tana yanka kamar wuƙar mahauci, shi ya sa ba a tayar da ita da yatsa sai da guntun itace.

Filin da muke tashi yana kan hanyar Kuje, gefen gonar doyar wani dattijo, Baba Shekwo. Ya ba Kawu aron fegin da bai noma ba, muka sassabe, muka daddaɓe hanyar gudu. A filin nan akwai doka ɗaya da ta fi kowace. Kowane rimot da launin ƙyallen da ke ɗaure a eriyarsa: ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa. Launin nan shi ke nuna tashar da yake magana a kai. Idan rimot biyu masu launi ɗaya suka kunnu lokaci guda, jirgin da ke sama zai ji murya biyu, ya rikice, ya faɗo. Don haka muke da allo mai ɗauke da maƙalan shanya, irin na igiyar wanki, kowane launi da maƙali ɗaya tak. Ba ka kunna rimot sai maƙalin launinka yana hannunka. Wani ya riga ka ɗauka, sai ka jira, ko kai wane ne. Ni ce mai tsaron allon.

Ladi 'yar Baba Shekwo ce, sa'ata ce. Takan sauke kayan itace daga kafaɗarta ta tsaya bakin fili tana kallonmu. Ran nan Kawu, cikin raha, ya ce ta zo ta taɓa. Ya kai jirgin koyo can sama, ya miƙa mata rimot, hannunsa na kusa don ya ƙwace idan ta rikice. Bai ƙwace ba. Ta zagaya fili, ta sake zagayawa, tana dariya, tana cewa, "Oga, wannan abu yana jin magana fa!" Ni a lokacin na shekara a shagon. Na san sunan kowane ƙusa a cikin jirgin nan, ni na lulluɓe fiffikensa, ita ko bambancin gam da man inji ba ta sani ba.

Ga abin da ke kayar da mai koyo. Idan jirgi yana tafiya ya ba ka baya, damansa damanka ne. Da zarar ya juyo yana fuskantarka, sai komai ya juye, ka tura dama ya yi hagunka. Kawu ya sha gaya min, "Kada ki yi lissafi, Hajo. Fiffiken da ya yi ƙasa, tura sandar rimot wajensa, kamar kina tokare shi." Na haddace, zan iya karanta muku shi ina barci. Amma da na ga hancin jirgi ya nufo ni, yana ƙara girma, sai lissafin ya zo da kansa, kafin in gama Kawu ya karɓe. Ladi ba wanda ya taɓa gaya mata wannan magana. Na tambaye ta yadda take yi, ta ce, "Ni ina ciki ne kawai. Kai ba ka shiga ciki?" Haka Hausarta take, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta.

Ba a jima ba Kawu ya ɗauke ta aiki. Ranar Asabar ogogi na sauka daga mota za su ce, "Ina yarinyar nan mai hannu?" Ni kuwa sai su miƙo min fiffiken da ya karye ba tare da sun dubi fuskata ba. Ita ta yi ta wulƙitawa a sama ana tafi, ni ina zaune gindin allo da maƙalai a cinya. Idan ta sauko da ƙarfi ƙafar jirgi ta lanƙwashe, ni ce zan miƙe ta ranar Litinin. Ba na cewa tana da mugun hali. Da tana da shi da abin ya zo min da sauƙi. Takan kawo min gasasshiyar doya da manja daga gida, in ci, in yi godiya.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka yi ta yajin aiki, hanyar Ikko ta toshe, kaya suka daina zuwa. Babu balsa, babu leda, babu man jirgi. Wasu ogogin suka tafi ganin iyali suka maƙale a can. Shago ya yi tsit, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin jiragen da ke rataye. Kawu ya koma gyaran rediyo a ƙofar shago. Man jirgi kuwa da kansa ya riƙa haɗawa, da man zurma da wani sinadari da wani abokinsa mai aiki wajen masu binciken kimiyya a Sheda ya kwatanta masa inda ake samu. Ni kuma na tuna yadda yayyena ke sassaƙa motar wasa da tukurwa, na sa aka kawo min busasshiya daga bakin rafi, na fere, na gwada. Ta fi balsa taurin kai, tana tsagewa idan reza ta bi ta ba daidai ba, amma cikinta ba nauyi. Na ɓata da yawa kafin in gane wadda za ta yi haƙarƙari da wadda sai dai wutsiya. Da tukurwar nan muka yi ta faci wa 'yan jiragen da suka rage har hanya ta buɗe. Ladi duk shekarar tana gona, tunda babu abin tashi. Da kaya suka dawo ta dawo, aka yi ta murna kamar ita ta buɗe hanyar.

A lokacin ne idon Kawu ya fara ba shi matsala. Jirgi ya yi nisa kaɗan sai ya kasa gane ko tafiya yake ko dawowa. Dole a samu wanda zai riƙa koya wa masu saye tuƙi a madadinsa, kuma wannan shi ne babban matsayi a sana'armu. Mai koyarwa shi ake sani, shi ake nema, shi zai gaji shago. Kawu ya kira ni ya ce, "Ke ce babba a nan, ba zan tsallake ki ba. Haɗa jirginki da hannunki, yadda kike so. Ranar da kika tashe shi kika sauke shi a gaban mutane, matsayin naki ne. Idan abin ya gagara, kin san wadda ke bayanki."

Jirgin nan na yi shi don hannuna ne. Na faɗaɗa fiffike, na ɗaga bakinsa biyu sama kaɗan yadda ko na rikice na saki sanda zai daidaita kansa. Na haɗa balsa da tukurwa, na lulluɓe samansa da fari, ƙasansa da baƙi, don in riƙa gane kifewarsa daga nesa. Damina guda na yi a kansa. Na ɗora shi a yatsu biyu ya tsaya cak. Kawu ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa fiffiken, ya gyaɗa kai, kuma wanda ya san Kawu ya san wannan yabo ne. Rimot ɗinsa mai koren ƙyalle ne.

A al'adar fili, sabon jirgi ba mai shi ke fara tashinsa ba. Wanda ya fi kowa hannu shi zai kai shi sama, ya gyara masa karkata, ya sauke, sannan ya miƙa wa mai shi. Don haka ranar Asabar ɗin, bayan la'asar, ni da hannuna na cire koren maƙali na ba Ladi. Jirgina ya ruga, ya ɗaga, ya hau sama sumul kamar an ja shi da zare. Mutane suka yi tafi, suna kallon Ladi. Ta waiwayo ta ce, "Hajo, jirginka ba ya son gyara ko kaɗan! Shirya, zagaye biyu in ba ka."

Ina goge tafin hannuna da gyale sai wata farar mota ta tsaya kusa da allo. Wani dattijo ya fito, babban darakta ne da aka dawo da ofishinsa ba da jimawa ba, bai taɓa zuwa filinmu ba. Furfura a gemu, sa'an mahaifina ko ya fi. Direbansa ya buɗe but ɗin motar, ya ɗauko masa sabon rimot da ya sayo a waje. Ƙyallen da ke eriyar kore ne. Na gani sarai. Na taso da sauri, na isa gabansa, na durƙusa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da yamma."

Ya ce, "Yauwa 'yata, barka kadai. Nan ne wajen Malam Bala?"

"Nan ne, ranka ya daɗe. An zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ke 'yarsa ce?"

"'Yar yayarsa ce, ranka ya daɗe."

"Madalla, madalla. Ya mutanen gida? Ya aiki?"

Yana magana yana zaro eriya gaɓa-gaɓa. Ina kallon babban yatsansa yana laluben makunni a gefen rimot ɗin. Na ce, "Lafiya lau. Ranka ya daɗe, idan ba damuwa, da ma akwai wata 'yar magana..."

Sai na ji ƙas.

Kukan injin ne ya fara canzawa. Sannan muryar Ladi ta tsaga filin. "Kai! Mai hula! Kashe shi! Kashe!"

Dattijon ya waiwaya yana neman wanda ake yi wa tsawa, don na tabbata rabon da a ce masa "kai" tun yana makaranta. Ya ce, "In kashe me?" Na ɗaga kai. Baƙi na gani, sannan fari, sannan baƙi. Jirgina yana juyi, hancinsa ya nufo mu. Ladi tana ta kokawa da sanduna tana ihu. Direba ya fizgi ubangidansa ƙasa. Ni ina durƙushe inda nake. Na ji iska mai zafi a kunnena, farfela ta kama gyalena ta fizge shi daga kaina, sannan ƙara kamar an fasa tulu a jikin ƙofar motar.

Abin da na fi tunawa shi ne warin man zurma, da ɗumi yana bin wuyana. Bakin kunnena kawai ta yanka. Wanda ya ɗinke ya ce da ta matso faɗin yatsa da wani zancen ake yi.

Dattijon mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Bai san dokar allo ba, ba wanda ya gaya masa. Da motarsa aka kai ni asibiti, yana ta salati, yana ba Kawu haƙuri. Da muka koma shago bayan kwana biyu, Kawu ya kira ni.

Ya ce, "Hajo, allo yana hannunki, baki yana fuskarki."

Na ce, "Kawu, sa'an babana ne fa. In tare shi ba gaisuwa in ce masa kada ka kunna?"

Ya ce, "Da kin faɗa, da yanzu ke ce a sama."

Mahaifiyata da ta ji, cewa ta yi ita ba ta haifi 'yar da za ta daka wa mai furfura tsawa ba, kuma ko gobe haka take so in yi. Ni ma har yanzu ban ga inda na kauce wa abin da aka koya min ba. Tun ina rarrafe ake ce min ba a fara magana da babba sai an gaishe shi, ba a katse shi, ba a taɓa abin da ke hannunsa. Ba wanda ya ce min akwai filin da wannan ba ya aiki. Ladi kuwa, da ta kira darakta "mai hula" a gaban direbansa, ita ya dawo nema. Ya ce wa Kawu, "Yarinyar nan mai tsawa nake so ta koya min. Wadda ba ta jin tsorona ita za ta hana ni kashe wani." Aka yi dariya. Ina bayan kanta da auduga a kunne.

Daga ranar Kawu ya sa sabuwar doka, ku ma za ku tarar da ita. Duk wanda ya shigo fili, a bakin hanya ake karɓe rimot ɗinsa, kafin sallama, kafin komai. Gaisuwa sai bayan hannunsa ya zama wayam. Ni nake karɓa. Ina miƙa hannu ga dattijai ba tare da na ce uffan ba, ina jin nauyin abin har cikin ƙashina, amma ina karɓa.

Kawu bai tsallake ni nan take ba, gaskiya ɗaya ce. Da kunnena ya warke ya fito da jirgin koyo na shago, ya ce alƙawari na nan, in tashe shi in sauke shi. Na ɗauki maƙali, na karɓi rimot. Ladi ta durƙusa ta buga farfela da guntun itace. Injin na kamawa sai sandunan suka fara kaɗawa a ƙarƙashin yatsuna, wutsiyar jirgin tana ta karkarwa a ƙasa kowa yana gani. Na ce a ba ni ɗan lokaci. Aka ba ni. Man da ke tankin ya kusa ƙarewa jirgin bai motsa daga inda yake ba. Na miƙa wa Kawu rimot ɗin. Ya karɓa, ya juya, ya miƙa wa Ladi, kuma kowa a filin ya gane abin da hakan ke nufi.

Ranar Litinin ta shigo shago da kwano a kafaɗa. Ta bi gonar ubanta ta tsince tarkacen jirgina kaf, har da guntayen haƙarƙari da ba su kai ɗan yatsa ba. Ta juye min a tebur. Ta ce, "Hajo, ka gyara shi don Allah. Duk jiragen Oga babu mai zama a hannuna kamar wannan. Da shi nake so in koya wa mutane."

Na dube ta. Da gaske take, ko alamar ba'a babu a fuskarta. Na jawo reza.

Na sake haɗa shi ya fi na farko. Yanzu shi ke tashi kowace Asabar, masu koyo na layi a kansa, don ko sun saki sanda yana daidaita kansa. Makon jiya na sauko da shi ina gyara masa ledar fiffike, wani oga ya shigo da abokinsa, ya nuna shi da makullin mota.

Ya ce, "Ka gan shi nan. Yarinya, wannan ne jirgin Ladi, ko?"

Dutsen guga yana hannuna, na kai bayan hannu na ji zafinsa, daidai yake.

Na ce, "Shi ne, ranka ya daɗe."